Allurar Da Ta Yi Mana Ƙarya

A hutun damina na tafi Lakwaja wurin kawuna, wanda ke da jirgin ruwa mai injin gas, yana jigilar 'yan kasuwa zuwa Ida. Ran nan za mu tashi da sassafe, ya ce in duba agogon mai. Na leƙa, na ga allura tana tsaka. Na ce, "Kawu, rabin tanki ne." Ya ce, "To, ya ishe mu."

Mun ɗan wuce mahaɗar Kwara da Binuwai ke nan, sai inji ya yi tari sau biyu, ya mutu. Kogi kuwa ya cika maƙil, ruwa ya shiga jan mu a gicciye. Mata suka ɗauki salati. Kawu ya zura kara cikin tanki, ya fito a bushe ƙayau, allura kuwa tana nan inda take! Da ƙyar wani jirgi ya jawo mu gaɓa.

Kashegari na ce a sayi sabon agogo. Kawu ya ce, "Haba yaro, a bincika tukuna." Muka cire wayar da ta taso daga tanki, allura ta faɗi ƙasa. Muka taɓa ta a jikin inji, allura ta haye har ƙarshe. Ashe agogo da waya lafiyarsu lau, na so in jawo masa asara a banza.

Sa'an nan muka kwance murfin da ke bisa tanki. A ƙarƙashinsa akwai wani ɗan tulu mai yawo a kan mai, an ɗaure shi a bakin siririn ƙarfe. In mai ya ragu sai ya sauka, ƙarfen ya goga wata naɗaɗɗiyar waya, ita ke rage wutar da ke zuwa agogo. Irin namu yakan nuna om 240 in tanki ya bushe, 33 in ya cika. Da muka auna, sai ya kafe wajen 100. Ruwan da ke cikin gas ya sa gwiwar ƙarfen ta yi tsatsa, ta ƙi motsi.

Mun sake shi, amma Kawu bai yarda ba. Ya sami gora, muna zuba lita goma goma yana tsaga alama. Alamun ƙasa sun fi na sama tazara, don gindin tankin tsukakke ne. Rabin gora bai kai rabin mai ba ko kusa.