Keken Askin Ciyawa Da Maganar Komawa Gida

 Yau labarin wani ƙarfe zan ba ku, wanda ya sa muka kwashe damina guda muna ja-in-ja da mahaifina.

Mahaifina mutumin Malumfashi ne. Ya zo Suleja a 1992, 'yan watanni bayan gwamnati ta taso daga Legas zuwa Abuja, ya kama rumfa yana sayar da atamfa da shadda. A nan aka haife mu duka, amma har gobe in ya ce "gida", Malumfashi yake nufi. Gidan da ya gina a Kwamba yana da ɗan fili a gefe, amma ko zogale bai taɓa dasawa ba. In an yi masa magana sai ya ce, "Baƙo raɓa ne, wa zan shuka wa?"

To, ita ƙasar nan ba ta jiran a shuka mata. Tun watan Afrilu ruwa ke sauka, ba ya ɗaukewa sai Oktoba, ciyawa kuwa kamar ana jan ta da hannu. Duk damina ni da ƙannena muna fama da langalanga kamar zamanin makaranta, hannu ya yi kanta, bayan sati biyu ta dawo. A daminar 2023 ƙanwata ta je kwashe shanya da magariba, saura ƙiris ta taka maciji. Allah ya kiyaye. A daren Baba ya yanke hukunci, a malale filin da siminti kowa ya huta.

Ni ban so ba, domin na san yadda siminti ke mayar da gida tanda a watan Maris. Na nemi mai injin fetur, to a watan Mayun shekarar aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kuɗin da ya yanka mini ya fi ƙarfina. Ana haka sai na ga wannan keke a wajen 'yan gwangwan, ya yi tsatsa amma ba abin da ya karye. Kuɗinsa bai kai na buhun siminti biyu ba.

Da na shigo da shi Baba ya ce, "Kai kuma mene ne wannan?" Na ce, "Baba, injin yankan ciyawa ne, na turawa." Ya ce, "Ai na gani, na Turawa ne. Mu a garinmu ciyawa abincin dabba ce, har sayenta ake yi da rani." Gaskiyarsa kuwa, wani Bature ne mai suna Edwin Budding ya ƙirƙiro shi a Ingila a 1830, bayan ya ga injin da ke aske gashin yadi a masaƙa. Da na gaya wa Baba asalinsa daga yadi ne, ya yi dariya ya ba ni damina guda, in ban iya ba siminti na nan.

Ga wanda bai san shi ba, tayoyi biyu ne da dogon mariƙi. A tsakanin tayoyin akwai wuƙaƙe biyar masu lanƙwasa, a ƙarƙashinsu kuma wata wuƙa a kwance wadda ba ta motsi. Kana turawa tayoyin na juya wuƙaƙen, su kamo ciyawa su datse ta a kan ta ƙasan, kamar almakashi. Ba mai, ba hayaƙi, ba ƙara sai ƙas-ƙas-ƙas.

Ranar farko na sha kunya. Ciyawa ta kai gwiwa, ga raɓa, keken ya dinga kwantar da ita yana cijewa, Baba na zaune yana kallo bai ce uffan ba. A hankali na gane halinsa. Ba ya cin doguwar ciyawa, sai ka fara sare ta da langalanga. Ba ya son jiƙaƙƙiya, sai rana ta ɗaga. Dole ka tsince tsakuwa da itace, domin tsinke ɗaya kan tsayar da shi cak. Tofa kuwa ta fi ƙarfinsa, sai da na bi ta da fartanya na tone saiwarta, na bar ƙiri-ƙiri ta yaɗu, ita ce mai shimfiɗa kamar tabarma. Wani bakanike ya koya mini wasa shi: a shafa wa wuƙaƙen man goge bawul, a juya su da baya, sannan a gwada da takarda. In ya yanke ta tsaf, ya yi. Bayan aiki a goge, a ɗiga masa baƙin mai.

Babban sharaɗinsa shi ne duk sati. In ka yi masa fashin sati uku, ka koma farko. A nan na gane abin da ke damun Baba. Ba kuɗi ba ne. Siminti sau ɗaya ake yi, in ka tashi tafiya ka sayar da gida ka kama hanya. Ciyawa kuwa tana neman wanda zai kasance nan sati mai zuwa, da na bayansa. Kula da ita tamkar amsawa ne cewa ka zauna.

Ban ga laifinsa ba, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Sai dai garin nan kansa baƙi ne suka kafa shi. Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya lokacin jihadi, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin a 1828. Bayan an ba sabon babban birni sunan Abuja a 1976, garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Har yanzu Sarkin Zazzau Suleja ake cewa. Ba su yar da sunan gida ba, kuma hakan bai hana su gina ganuwa a inda suka sauka ba.

Kafin ƙarshen damina filin ya yi lumus, ko ƙadangare ya gitta sai ka gan shi. Abin da keken ya aske awakin Inna ke cinyewa, maganar almubazzaranci ta mutu. Baba ya fara shimfiɗa darduma a wurin bayan la'asar yana sauraron rediyo.

A daminar da ta biyo baya na tafi Kantin Kwari saro kaya, na yi kwana goma a Kano. Ina dawowa na tarar an yi aski, layi a karkace, an bar tsibiri nan da can. Na tambayi ƙanena, ya nuna mini ɗakin Baba da baki. Da dare Baba ya ce, "Kekenka yana son mai, yana kuka." Na ce, "To Baba, Allah ya ƙara girma."

Har yanzu yana cewa za mu koma gida, ni ma ina cewa amin. Amma siminti bai sake fitowa daga bakinsa ba. Allah ya albarkaci inda muka fito da inda muke zaune.