Naushin da Ba Ya Sauka

Akwai wata tambaya da mu masu son finafinan dambe ba ma gajiya da ita. Tun zamanin da muke biyan kuɗin shiga gidan kallo muna zama a kan benci, har zuwa yau da kowa ke riƙe da nasa allon a tafin hannu, da zarar jarumi ya kai wa abokin karawarsa naushi a muƙamuƙi sai ka ji wani ya ce, "Wai da gaske ya naushe shi?" Idan aka ce da gaske ne, darajar fim ɗin ta ƙaru a idonmu. Idan aka ce dabara ce, sai mu ɗan taɓe baki kamar an cuce mu. Ra'ayinmu shi ne wannan tambayar ta juya abin a baibai. Gwanintar tana wajen naushin da ya wuce fuska da ɗan yatsa biyu, kuma duk da haka muka ji shi har cikin haƙoranmu.

Mu da muka tashi inda ake damben gargajiya mun san kamannin naushin gaskiya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gidan dambe ya san yawancin turmi zagaye ne da auna juna. Hannun da aka naɗe da zare yana can baya a ɗane, ɗayan yana gaba yana tare hanya, makaɗa suna ta zuga. Kisan kuwa yakan zo cikin ƙiftawar ido. Wanda ya juya don amsa gaisuwa sai dai ya ji ihu, ya tarar da mutum a ƙasa. Damben boksin ma haka yake: rungumar juna, naushin da ke ƙarewa a kan safar hannu, ja da baya, jira. Ƙwararren ɗan dambe ya shafe shekaru yana koyon ɓoye naushinsa don kada a ga tahowarsa. Shi kuwa fim so yake mai kallo ya ga tahowar naushin, ya ga saukarsa, ya ga abin da ya haifar. Saboda haka dole a gina faɗan fim daga tushe, kamar yadda ake gina ɗaki.

Fim ɗin da ya koya wa duniya wannan ginin shi ne Rocky na 1976. A watan Maris na 1975 wani ɗan dambe da ba a ba shi wata dama ba, Chuck Wepner, ya kara da Muhammad Ali, ya kuma jure har turmi na 15 kafin alƙalin wasa ya tsayar da karawar ana saura daƙiƙa 19 a tashi. Sylvester Stallone, wanda a lokacin ba kowa ba ne a masana'antar, ya rubuta labarinsa bayan wannan wasan. Kuɗin fim ɗin bai wuce kimanin dala miliyan 1 ba, kuma cikin kwana 28 aka ɗauke shi. Mai ƙaramin jari ba shi da halin ɓarnar lokaci. Don haka darakta John Avildsen ya sa Stallone ya zauna ya rubuta faɗan ƙarshe naushi bayan naushi: hagu nan, dama nan, kauce nan, faɗi nan. Stallone da Carl Weathers, tsohon ɗan ƙwallon Amurka da ya fito a matsayin Apollo Creed, suka yi makonni suna maimaita shi kamar masu koyon rawa, Avildsen yana ɗaukarsu da ƙaramar kyamara yana nuna musu inda suka kauce. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta gwarzon fim na shekara.

Mu da sana'armu rubuta manhajar kwamfuta ce, wannan rubutun na Stallone bai zame mana baƙo ba. Idan manhajoji biyu za su yi magana da juna, kamar ta wayarka da ta banki, sai an fara rubuta yarjejeniya: ni zan aiko da kaza, kai za ka amsa da kaza, a wannan jerin, cikin wannan lokacin. Ranar da ɓangare ɗaya ya aiko da abin da ba a yi alkawari ba, ranar komai ke tsayawa. Faɗan fim irin wannan yarjejeniyar ce tsakanin jikin mutum biyu. Bambancin kawai, mu idan aka saɓa alkawari allo ne ke daskarewa, su kuwa hanci ne ke karyewa. Mutum biyun da muke gani kamar za su cinye juna ɗanye, a zahiri kowannensu ya damƙa fuskarsa amana a hannun ɗan'uwansa.

To yaya ake yi ido ya yarda? Sirrin farko yana jikin kyamarar. Mutum yana da ido biyu, shi ya sa yake iya auna nisan abu. Kyamara ido ɗaya gare ta, tana kuma matse duniya ta mai da ita shimfiɗaɗɗen hoto. Idan aka ajiye ta a bayan kafaɗar mai naushi, ko a bayan wanda za a nausa, tazarar da ke tsakanin dunƙulen hannu da fuska sai ta ɓace. Hannun ya ratsa layin da ke tsakanin kyamara da fuskar, shi ke nan. Da za a matsar da kyamarar gefe da taku biyu, da kowa ya ga iskar da ke tsakani. Shi ya sa mai tsara faɗa da mai ɗaukar hoto ba sa rabuwa: kowane naushi da kusurwar da aka tsara masa.

Sirri na biyu shi ne wanda ya fi burge mu. Wanda ake nausa shi ne mai yin naushin. Shi zai fizge kansa daidai lokacin da hannun ya gifta, ya saki wuya, ya bar gwiwa ta ɗan lanƙwashe, ya fesar da ruwan da ya guntsa. Fim yana tafiya ne a kan hoto 24 cikin kowace daƙiƙa, wato kowane hoto bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa ba. Idan ya riga hannun da hoto biyu ko uku, mai kallo zai ga ƙarya. Idan ya makara da haka, nan ma zai gani. Jarumin da muke tafa wa yana iya kai naushi mafi kyau a duniya, amma idan abokin aikinsa bai karɓe shi daidai ba, ya tashi a banza. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku shi ne sauti, wanda ake ɗorawa daga baya a ɗakin tace fim. A Raging Bull na 1980, wanda Martin Scorsese ya ba da umarni, mai haɗa sauti Frank Warner ya cakuɗa ƙarar fashewar 'ya'yan itace da kukan dabbobi a cikin faɗan, wani wurin kuma ya ɗauke sautin gaba ɗaya. Scorsese ya shigar da kyamara cikin fagen maimakon ya bar ta a wajen igiya inda 'yan kallo ke zama, har girman fagen yakan sauya daga wannan faɗa zuwa wancan gwargwadon halin da zuciyar jarumin ke ciki. An shafe kimanin mako 10 ana ɗaukar faɗace-faɗacen da ba su fi 'yan mintuna ba a cikin fim ɗin. Thelma Schoonmaker, wadda ta tace shi, ta ci Oscar a kan wannan aikin. Duk mai shakka ya kashe sautin wayarsa ya sake kallon faɗan da ya fi so, zai ga rabin zafin ya tafi.

Wani zai ce, tunda duk dabara ce, me ya sa jarumai ke shafe watanni suna shan wahalar atisaye? Amsar tana ƙafa. Kyamara tana iya ɓoye tazara, amma ba ta iya ɓoye mutumin da bai san tsayuwa ba. Yadda ɗan dambe ke raba nauyinsa, yadda ƙugunsa ke juyawa kafin kafaɗa, yadda yake mayar da hannu ya kare haɓa, yadda yake numfashi, waɗannan sai jiki ya haddace su. Robert De Niro ya yi horo a hannun Jake LaMotta, ainihin ɗan damben da yake kwaikwayo, har ya shiga wasa uku na gaske a Brooklyn ya ci biyu, daga baya kuma ya ƙara kimanin kilo 27 don ya fito a matsayin LaMotta bayan ya bar dambe. Will Smith ya kwashe kusan shekara yana horo da Darrell Foster kafin fim ɗin Ali na 2001, kuma wannan Foster ɗin ne ya horar da Farhan Akhtar don fim ɗin Indiya mai suna Toofaan na 2021. Hilary Swank ta yi nata a gidan horon Gleason's da ke Brooklyn, ta ƙara kusan kilo 9 na tsoka don Million Dollar Baby na 2004.

Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa ba. Ɗan dambe yana yin turmin minti 3 ya huta minti 1, wasa ya ƙare cikin ƙasa da awa guda. Jarumi kuwa zai maimaita jeri ɗaya tun safe har dare, kwana da kwanaki, a ƙarƙashin fitilu masu zafi. Gajiyayyen hannu ba ya tsayawa inda aka ce ya tsaya. Don haka babban abin da atisayen ke saya shi ne birki: ikon sakin hannu da cikakken gudu a karo na arba'in, ya kuma wuce daidai inda ya wuce a karo na farko. Su ma 'yan damben gaskiya da ake ɗauka fim sai sun koma makaranta, su koyi buɗe naushi yadda kyamara za ta gan shi, su kuma danne abin da jikinsu ya saba, wato kai hannu duk inda suka ga ƙofa.

Inda duk waɗannan suka haɗu wuri guda shi ne Creed na 2015, na darakta Ryan Coogler. A tsakiyar fim ɗin akwai karawa tsakanin Michael B. Jordan da Gabriel Rosado, wanda ƙwararren ɗan dambe ne a zahiri. Turmi biyu ne, aka ɗauke su a jere ba tare da yanka ko ɗaya ba, ƙarƙashin mai kula da hoto Maryse Alberti. Babu wurin ɓoye kuskure. Mai riƙe da kyamara ya zama na uku a rawar, dole ya kasance a kusurwar da ta dace kafin kowane naushi ya iso, yana zagaya su ba tare da ya yi karo da su ko alƙalin wasa ba. Sau 13 aka ɗauka, aka zaɓi na 11. A wajenmu wannan kamar a kunna sabuwar manhaja ne a gaban dubban mutane ba tare da damar gyara ba. Abin da ke sa a yi nasara a irin wannan ranar shi ne yawan gwajin da aka yi kafin ta.

Amma ku duba labaran da muka fi yaɗawa. A wajen ɗaukar Rocky IV na 1985, Stallone ya ce wa Dolph Lundgren ya naushe shi da gaske. Naushin ya same shi a ƙirji, zuciyarsa ta kumbura, ya yi kwanaki a sashen kulawa ta musamman na asibiti. A Creed ɗin ma, guntun bidiyon da ya fi zagaya duniya shi ne wanda ɗan damben Ingila Tony Bellew ya kai wa Jordan naushi na gaske ya zube. Swank kuwa ƙwayar cuta ta shiga wata bororo da ta fito mata a ƙafa lokacin horo, abin ya yi tsanani, ta ɓoye wa darakta Clint Eastwood. Waɗannan su ake ba mu a matsayin shaidar jarumta, mu kuma muna karɓa da tafi. Kasuwa tana jin abin da muke tafa wa. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta san bambancin naushin fim da na fage ba, girgiza ɗaya take sha. Manyan taurari suna da likita a gefe da inshora a aljihu. Masu tsaya musu a wuraren haɗari, waɗanda sunayensu ke wucewa a ƙarshen fim lokacin da muka riga muka tashi, su suka fi ɗanɗana kuɗar wannan sha'awar tamu. Sai a 2025 hukumar Oscar ta sanar da cewa za ta ware kyauta ga masu tsara irin waɗannan wasannin, farawa daga bikin 2028, wanda shi ne na 100.

Abin bai tsaya a Amurka ba, domin yau kyamara tana aljihun kowa. Ƙannenmu da 'ya'yanmu suna haɗa gajerun bidiyo a lungu da tsakar gida, kuma sau da yawa marin da ke ciki mari ne na gaske, don an ɗauka shi ne zai jawo masu kallo. Alhali abin da Avildsen da Stallone suka yi ba ya cin ko sisi. A rubuta faɗan a takarda, motsi bayan motsi. A ba kowane motsi lamba, a riƙa ƙirgawa da baki. A fara a hankali kamar masu tafiya cikin ruwa, kada a ƙara gudu sai an yi sau goma babu tuntuɓe. A ajiye wayar a bayan kafaɗa, a duba allo a tabbatar tazarar ta ɓace. A ba wanda zai karɓi naushin lokacin gwaji fiye da mai kai shi. A ɗora sautin daga baya. A kuma yarda tun farko cewa duk wanda ya ce a tsaya, an tsaya.

Mu masu kallo ma da namu aikin. Idan faɗa ya burge mu, mu tambayi sau nawa aka maimaita shi, wa ya tsara shi, wa ya riƙe kyamarar. Mu bar sunayen ƙarshen fim su gama wucewa kafin mu danna na gaba. Mutum biyu sun yi wata da watanni suna koyon yadda za su sa mu riƙe numfashi, sannan kowannensu ya koma gida wurin iyalinsa da haƙoransa cif. Wannan ya isa a tafa masa.