In birki ya yi rawa a ƙafarka, kada ka saki

Jama'a, tunda mu ya mu ne, bari mu taɓa maganar birki, don akwai abin da ke damuna. Yawancinmu tsofaffin direbobi ne suka koya mana tuƙi, kuma sun ce in abu ya faɗo gabanka, ka riƙa taka birki kana saki. A zamaninsu gaskiya suka faɗa. Amma a motar da ke da ABS, wannan dabarar cutar da kai za ta yi.

In ka danne birki da ƙarfi a motar da ba ta da shi, taya kan ƙage, ta daina juyawa, ta riƙa jan ƙasa. Tayar da ta ƙage kuwa ba ta jin sitiyari. Ko ka murza shi har ƙarshe, motar miƙewa za ta yi ta tafi inda ta nufa.

Abin da ABS ke hanawa ke nan. A bayan kowace taya akwai zobe mai haƙora, kusa da shi kuma 'yar na'ura ce ke auna saurin juyawarsa tana sanar da kwamfutar motar. Da kwamfutar ta ga wata taya na shirin ƙagewa, sai ta sa bawul ya sassauta matsin man birki a kan wannan tayar, da ta ci gaba da juyawa sai a mayar da matsin. Kama, saki, kama, saki, har sau goma ko fiye a daƙiƙa guda. Ƙafar wa za ta iya haka? A jiragen sama aka fara wannan dabara, sannan a 1978 kamfanin Bosch da Mercedes-Benz suka fito da mai aiki da kwamfuta a motocin S-Class a Jamus.

Wannan kamawa da sakin ne ya sa za ku ji birkin yana karkarwa a ƙafa, har da ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Nan mutum kan firgita ya ɗage ƙafa, alhali birkin aikinsa yake yi. Ka danne, kada ka saki, ka murza sitiyari ka kauce.

Sai dai ku riƙe wannan: a kan burji ko yashi, mota mai ABS na iya yin nisa kafin ta tsaya fiye da wadda tayarta ta ƙage ta tone ƙasa. Saboda haka rage gudu na nan daram.

Ita kuma fitilar ABS ɗin nan ruwan ɗorawa da ke gaban direba, in ta ƙi mutuwa bayan an tayar da mota, birki na aiki amma ABS ya tsaya. Sau da yawa datti ne ko waya ta tsinke a wajen taya. Don Allah kada ku yarda makaniki ya cire ƙwan fitilar ya ce an gama. Bayan gyara, ku nemi fili babu kowa, ku ɗaura bel, ku taka birkin da ƙarfi a ƙaramin gudu, ƙafa ta saba da rawar tun kafin damina ta sauka.