Tafkunan Bakin Hanya

Mutanen ƙasashen da Allah ya hore wa teku suna da al'adar ɗaukar mota su bi gaɓa, ruwa a dama, duwatsu a hagu, kamar yadda masu yawon buɗe ido kan yi a Sifaniya tsakanin Barsalona da Malaga. Mu mazauna Jos, da muke kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, ba mu da gaɓar da za mu bi. Duk da haka, wanda ya kama hanyar kudu ya ratsa Bukuru da Barikin Ladi zuwa Mangu ba zai rasa ruwan kallo ba, domin tafkuna ne birjik a gefen titi. Wannan hanya muka bi cikin wani hutun ƙarshen zango, mu 'yan aji ɗaya, a motar haya, lokacin da hunturu ya kankama.

Tun daga Rayfield muka fara cin karo da su. Ruwa ne kwance lumui, wani kore, wani shuɗi, kowanne da jan tudu a gefensa da bishiyoyin turare a jere. Baƙo zai ɗauka haka aka halicci wurin, alhali kuwa kusan duk tafkin da muka wuce ramin kuza ne, tudun da ke kusa da shi kuma ƙasar da aka tono ce daga cikinsa.

Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Ingila suka dira a wannan tudu neman kuza. Saboda ita aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya, wanda ya iso a 1914, saboda ita kuma aka datse ruwan Kurra aka samar da lantarki don injinan haƙa. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar madogararta ta kuza, sai ta juyo kan Filato. Aka shiga kwaso mutane ala tilas daga lardunan Arewa, abin da kakanninmu suka kira ɗiban gwamna. Mutumin da ya saba da zafin Sakkwato ko Katsina aka kawo shi cikin sanyin Bukuru ba bargo, ba wadataccen abinci. Da yawa ba su koma gida ba. A 1943 an fitar da kuza fiye da tan 17,000. Gonakin accar Birom kuwa, masu shingen kyarana, sai suka koma ramuka. Kasuwar ta yi ta ja da baya har ta rushe a duniya a 1985. Kuza ta tafi Ingila, rami ya zauna tare da mu.

Bayan mun wuce Barikin Ladi muka roƙi direba ya tsaya a bakin wani tafki inda muka hango lambu kore shar. Wani dattijo ne ke ban ruwa, injinsa na ta ƙugi.

"Sannu da aiki, Baba," muka ce.

"Yauwa, 'yan makaranta. Ku dai yi nesa da bakin ruwan nan, ba shi da tudu."

Ya bayyana mana cewa ramin kuza ba kamar kududdufin gari yake ba, wanda mutum kan taka a hankali har ruwa ya kai masa gwiwa. Bangonsa a miƙe yake, taki ɗaya ne tsakanin mutum da zurfin da ya shanye dogon gini. Yara masu wanka da shanu masu shan ruwa sun sha salwanta a irinsa. Amma kuma da wannan ruwa yake noma kabeji da karas da tumatir da dankalin Turawa duk rani, da shi ya aurar da 'ya'ya. Maƙwabcinsa na lambu Birom ne, shi kuwa jikan leburan kuza ne, kuma tiyo ɗaya suke karɓa-karɓa.

Wannan magana ta ƙarshe ta tsaya mana a rai, domin mun taso ne bayan rikicin Satumbar 2001, cikin garin da unguwanni suka rabu, kowa ya san layin da ba ya ƙetarewa da dare. Mun saba jin gardamar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. Ga shi a bakin rami mun tarar da jikan wanda aka ƙwace wa gona da jikan wanda aka rabo da gida, suna cin abinci daga tabon da aka bar musu su biyun.

Daga nan har Mangu hira ta ragu a motar. Can nesa da titi mun riƙa hango matasa da mata suna tonon sababbin rijiyoyin kuza da diga da shebur, saboda farashinta ya sake tashi. Ramukan da kan rufta da su ba su hana wasu shiga washegari.

Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu namu gemun ne ya taɓa ƙonewa, shaidar kuwa tana kwance a gefen titi. Wajibi ne ga duk mai ba da izinin haƙa a yau, hukuma ko mai unguwa, ya fara tambayar wanda zai cike ramin idan an kwashe abin da ke ciki. Tafkunan da muka gada kuma a yi musu shinge, a auna lafiyar ruwansu, a bar manoma su ci gaba da ban ruwa.