Ƙofar da Kakan Kakata Ya Fita

Wallahi har yanzu jikina rawa yake yi, kuma na yi alkawari ba zan kwanta ba sai na rubuta abin da idona ya gani yau, tun yana da zafinsa. Na ga ƙyauren! Ƙyauren Ƙofar Kabuga na asali, wanda aka cire aka adana a Gidan Makama. Na tsaya a gabansa na kasa motsi, abokina yana ta jan hannun rigata yana cewa mu ƙarasa ciki, ni kuwa kamar an dasa ni.

Sai na koma baya kaɗan kafin a gane abin da ya tsayar da ni. Ni ɗan zangon Kumasi ne, a Aboabo aka yanke mini cibiya. Wata huɗu ke nan da na zo karatun tarihi a Jami'ar Bayero, bayan na ratso Ankara, kamar yadda tsofaffinmu ke kiran Accra, na ƙetare Aflao, na wuce Lome da Kwatano, na shigo Legas, sannan doguwar mota ta kwana tana gudu da mu zuwa arewa. Iyaka uku na tsallake, an buga mini hatimi a fasfo, na canza sidi zuwa naira, a takardun makaranta kuma sunana yana cikin ɗaliban ƙasashen waje. Amma daren da zan taso, kakata ta kira ni ɗakinta ta ce, “Ɗan nan, ba baƙunta za ka ba. Kakana Bakano ne. Yana saurayi ya bi ayarin goro zuwa Gwanja, ta Ƙofar Kabuga suka fita, bai sake komawa ba.” Iyakar abin da ya rage mana ke nan daga gare shi: sunan ƙofa ɗaya. Ba unguwa, ba gida, ba dangi.

To, ku ji ikon Allah. Ɗakin da na samu haya yana Kabuga! Kullum da safe in na fito neman adaidaita sahu, ta nan nake bi. Tsohuwar harabar jami'ar tana jingine da badala, sabuwar kuma tana can kan titin Gwarzo, tsakaninsu nake yini. Sai dai ƙofar da ke tsaye a yau sabon gini ce, motoci na kutsawa ta ƙarƙashinta ba dare ba rana, na daɗe ina kallonta ban ji komai ba. Makonnin farko ma ba ta tarihi nake ba, ta kaina nake. Hunturun Kano ya kama ni ba shiri: hazo ya rufe gari, leɓɓana suka tsage, sai da mai shayin bakin layinmu ya ce, “Malam, nemi man kaɗanya, nan ba kurmi ba ne.” Na koyi tare mai kurar ruwa tun asuba kafin jarkokinsa su ƙare. Na koyi cajin waya duk inda na ga wuta. Na koyi cewa Hausarmu ta zango ba ta raba mace da namiji a magana, mu sai mu ce “yarinya ya zo,” nan kuwa da ka faɗa an gane daga inda kake. Yanzu kullum ina gyara harshena, kuma ina jin daɗin gyaran, kamar mai wanke tsohuwar tasa yana ganin zanen jikinta na fitowa.

Abinci ne ya fara buɗe mini ido. Ranar da aka zuba mini garau-garau, shinkafa da wake da mai da yaji, na tuna waakye ɗin da duk Gana ke ci da safe, sai na ji sunan ya warware a bakina: wake! Koko da ƙosai kuwa, a Kumasi ma haka muke kiransu, har waɗanda ba su jin Hausa. Ashe tun ina yaro Kano nake ci ban sani ba.

Abokin nan nawa ɗan cikin gari ne, ajinmu ɗaya. Shi ya ce ranar Asabar in bar littafi in zo in ga abin da littafin ke magana a kai. Da sanyin safiya muka faro daga Dutsen Dala. Muka hau matakala ina haki, da muka kai sama na juya, sai numfashina ya tsaya. Gari ne shimfiɗe har inda ido ya gaji! Ga Goron Dutse can yana fuskantarmu, ga hasumiyoyi biyu na babban masallaci da koriyar ƙubbarsa, ga rufin kwano da na ƙasa sun cakuɗe, hayaƙin girkin safe na tashi daga lunguna. A nan ne tarihi ya ce Barbushe yake hawa wajen Tsumburbura, tun kafin Bagauda ya zo a 999. Abokina ya miƙa hannu yana bin layin ganuwa da yatsa, inda ta rage da inda ta ɓace. Sarki Gijimasu ne ya fara ta, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta, aka ƙara faɗaɗawa a zamanin Muhammadu Nazaki. Zuciyata ta yi zafi da na ga wuraren da aka ɗebe ƙasarta, da inda aka kafa shaguna a kanta. Ƙasar da hannun mutane ya tara shekara ɗari tara, ana kwashe ta a baro. Wannan ba abin da za a yi shiru a kai ba ne.

Daga nan muka gangara cikin lunguna, kuma a nan ne na rasa gabas da yamma. Lungu ya shige lungu, wani ko mutum biyu ba za su jera ba, sai ka ɓullo ka ga soro da zankwaye a kansa, dattawa zaune a zaure, almajirai na wanke allo. Sunayen unguwanni kansu darasi ne: Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa inda Larabawan hamada suka zauna, Sharifai da ake dangantawa da zuwan Shehu Magili a zamanin Rumfa, Madabo ta malaman Wangarawa. Na ce wa abokina, ashe Kano ma zanguna ce aka ɗinke wuri ɗaya! Abin da kakanninmu suka yi a Kumasi, shi wasu suka yi a nan tun da daɗewa. A Jakara muka tsaya muka sayi gurasa da ɗuminta, aka yi mana bandashe da ƙuli da albasa, muka ci a tsaye.

Sai Kurmi. Kasuwar da Rumfa ya kafa a ƙarni na 15, har yau tana ci! Rumfuna a matse, rana ba ta ko sauka ƙasa sosai. Ƙanshin fata, ƙanshin kanumfari da citta, ƙanshin turaren wuta, duk a shaƙa ɗaya. Ga sirdi da linzami da kayan ado na doki, ga takubba, ga tandu, ga ƙwarya mai zane, ga kanwa jibge. Kanwar nan ta tsayar da ni, domin tana cikin kayan da fatake ke ɗora wa jakuna su kai Gwanja su musanyo goro. Wani dattijo mai sayar da ita ya ji maganata ya ɗago kai.

“Samari, daga ina?”

“Baba, daga Kumasi.”

“Allahu akbar! Mutanen Gwanja ne. Zauna, zauna.”

Ya matsa mini a kan buzunsa, ya fasa goro ya ba ni ɓari. Na faɗa masa maganar kakata. Bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ce gidaje nawa ne a garin nan da nasu suka tafi haka? Ya ambaci Alhassan Ɗantata, wanda mahaifiyarsa ta zauna a Ankara, shi ma ya je can ya yi fataucin goro kafin ya dawo ya zauna a Koki ya shahara da gyaɗa, ya rasu a 1955. Ni kuma na ambata masa Alhaji Umaru na Karaci, babban malamin da duk zangunan Gana ke girmamawa, wanda a Kano aka haife shi a 1858, ya zauna a Salaga, yaƙin 1892 ya watsa garin ya koma Kete Karaci har ya rasu a 1934. Dattijon ya ce, “To ka gani. Wasu sun dawo, wasu sun zauna. Kai naku ya zauna, ga shi an aiko ka.” Na sunkuyar da kai don kada ya ga idona.

A karofin Ƙofar Mata na so in yini. An ce tun 1498 ake rini a wurin. Ramuka ne zagaye a ƙasa, wasu an rufe su da murfin kaba, da yawa kuma sun bushe babu mai aiki a kansu, abin da ya sosa mini rai. Wani marini ya nuna mini yadda ake haɗa baba da toka da ruwa a bar su su ruɓa kwanaki. Ya tsoma farin ƙyalle ya ɗago, na ga ya fito kore-kore, na ɗauka bai kama ba, sai kawai a gaban idona iska ta buge shi ya fara juyewa shuɗi! Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, launin na ƙara duhu. Hannuwansa sun rine har gwiwa. Daga gefe ana jin mabuga suna dukan zane a kan gungume, dum-dum, dum-dum, har ya ɗauki sheƙi. Na zare kuɗin cefanen mako guda na sayi zane ɗaya, na kakata ne, ban yi ciniki ba.

La'asar ta kusa muka iso Ƙofar Kudu, muka tsaya daga nesa muna kallon Gidan Rumfa da dogarai cikin ja da kore, sannan muka tsallaka Gidan Makama, inda Rumfa ya zauna kafin ya hau sarauta. Sanyi ya tarbe mu a zaure, sanyin ginin ƙasa, na ɗaga kai ina kallon yadda aka ɗaure rufin da azara, bakuna sun haɗu a tsakiya. Mai yi mana bayani yana tafe yana nuna hotuna da taswirar ganuwa, sai ya tsaya ya ce wannan shi ne tsohon ƙyauren Ƙofar Kabuga, ƙofar da sojojin Turawa suka shigo ta cikinta ranar 3 ga Fabrairu, 1903, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato.

Ban ji sauran bayanin ba. Shi yana maganar masu shigowa, ni ina ganin mai fita. Idan kafin yaƙin Salaga ya tafi, to wannan ƙyauren ne a ƙofar, wannan ɗin dai, baƙi, mai nauyi, ƙarfensa ya ci tsatsa. Shi sarkin ƙofa ya buɗe musu da asuba. Na ga madugu a kan doki, na ga jakuna ɗauke da kanwa da baƙaƙen zannuwa irin wanda ke cikin jakata, na ga wani saurayi sa'ana yana kora su, gabansa tafiyar watanni da ƙetaren Kwara, bai san ko zai waiwayo ba. Ko ya waiwayo? Ko uwarsa ta rako shi har nan?

Da muka fito na samu gindin katanga na kira gida. Ƙanwata ta kai wa kaka wayar. Na ce, “Kaka, na ga ƙofar. Ainihin ƙyauren, yana nan, ba a yar ba.” Shiru ya yi tsawo har na duba ko katin ne ya ƙare. Sai na ji ta tana salati a hankali. Ta ce, “Ka yi masa addu'a a wurin?” Na ce ban yi ba, kaina ya ɗaure. Ta ce, “To ka koma.”

Litinin ina da lacca ƙarfe 8 a sabuwar jami'a, muna fitowa zan tari adaidaita zuwa Gidan Makama.