Zuwa ga ƙanwata a Ƙofar Gayan

Ya mai jiki? Allah ya ba ki ladan jinya.

Kin ce Inna tana kuka da minjirya a yatsun ƙafa da na hannu, tafin ƙafarta yana zugi da dare, har carbi yana suɓuce mata. Kada ki biye wa masu dubiya da ke cewa sanyi ne ko sammu, balle a kai ga ƙaho ko tsaga. Paclitaxel, maganin sankarar mama da ake ƙara mata a asibitin koyarwa na Shika, an san shi da taɓa jijiyoyin ji. Dogayen jijiyoyi yake fara kamawa, shi ya sa abin ke farowa daga yatsu yana hawa sama.

Abin da ya fi damuna kawaicin Inna ne. Likita zai tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi, alhali allura ma ba ta iya riƙewa. Matar da ta raine mu da ɗinkin hula! Tsoronta kada a tsayar da maganin. To ke za ki yi magana, kafin a ɗaura ruwa na gaba. Ki faɗi yaushe ya fara, ina ya kai, ko tana tuntuɓe, ko takalmi yana fita daga ƙafarta ba ta sani ba. Da wannan bayanin likita zai duba ko a rage yawan maganin, ko a jinkirta, ko a sauya. In an yi shiru, lahanin yakan daɗe bayan an gama magani, wani ma ba ya tafiya. Don zugin kuma ki tambayi likita maganin duloxetine, amma kada ki saya a kemis da kanki.

Hunturu ya kusa. Ruwan alwala ki riƙa taɓa shi da gwiwar hannunki kafin ki miƙa mata, kasko kuma a nisanta shi da ƙafarta, don tana iya ƙonewa ba ta ji ba. Kada ta taka tsakar gida ba takalmi. Kullum da dare ki duba tsakanin yatsunta. In kin ga rauni, ga asibitin Gambo Sawaba nan kusa da ku, a wanke a ɗaure, a kuma auna mata suga, don ciwon suga yana ƙara ta'azzara abin.

Ki gaishe min da Inna da yara. Ki kira ni in kun dawo daga Shika.

Yayarki.