Abin da na koya a gindin injin ruwa

Sallar azumi ta 2024 ta faɗo a watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasar Sakkwato kan haura digiri 40. Na tafi gida Darna Sabon Gari, a ƙaramar hukumar Illela, da niyyar yi wa mahaifiyata wata hidima kafin in koma bakin aiki. A gidan akwai tankin ƙasa da muka gina da siminti, da ɗan inji mai jan ruwa daga cikinsa zuwa tankin roba da ke sama. Daga can ruwa ke saukowa famfunan gida, har da na ƙofar gida inda maƙwabta ke ɗiba.

Ganin laka ta taru a tankin ƙasa, sai na yanke shawarar a wanke shi. Na kunna injin ya janye ruwan, na bar shi yana aiki har ya fara shaƙar iska. Yara suka shiga suka goge, muka sayi ruwa aka sake cikawa. Da na kunna injin, ƙara tana tashi kamar kullum, amma ko ɗigo bai hau sama ba. Na kashe, na sake kunnawa, har sau biyar. Kafin la'asar tankin sama ya ƙare, yaran maƙwabta suka fara komawa da jarkokinsu wayam.

Nan take na yanke hukuncin cewa injin ya ƙone, na fara lissafin kuɗin sabo, ina tunanin ko a kasuwar Illela zan samu ko sai an tsallaka Birnin Ƙonni. Mahaifiyata, wadda ba ta kiran sunana saboda ni ne ɗan fari, ta ce: "Kai wannan, kafin ka zubar da kuɗinka, a kira yaron nan mai gyaran famfo." Na amince ne don kada in saɓa mata.

Saurayin da ya zo bai wuce shekara ashirin ba. Ya gaishe ni, ya ɗora tafin hannu a jikin injin, ya saurari ƙararsa na ɗan lokaci, ya kashe. "Ranka ya daɗe, injin nan lahiya lau yake. Iska ce ta cika mai ciki." Ya kwance wani ɗan noti a saman injin, ya karɓi buta ya riƙa ɗura ruwa a ramin, kumfa na fitowa, har ya cika ya tumbatsa. Ya ɗaure, ya kunna. Ba a yi minti biyu ba muka ji ruwa na zuba a tankin sama.

Abin kunyar shi ne na san dalilin tun ina sakandare. Irin wannan inji yana da farfela da ke juyawa tana wurga ruwa waje, wannan ne ke rage matsi a tsakiyarta, sai nauyin iskar duniya ya turo ruwan ƙasa ya hau bututu. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, don haka idan iska ce a ciki, farfelar za ta yi ta juyi a banza ba ta samar da jan da ake bukata ba. A ƙarshen bututun akwai bawul mai hana ruwa komawa ƙasa, shi ke sa injin ya kwana cike. Ni da kaina na zuƙe wannan ruwa lokacin da na bar shi yana shaƙar iska. Haka abin yake a Turai da Amurka, inda masu bahon ruwan zafi mai inji kan gamu da wannan matsala duk sanda suka zubar da ruwa suka sake cikawa: sai an sassauta mahaɗar bututu iskar ta fita.

Saurayin ya ƙara gargaɗina cewa da na ci gaba da kunnawa, robar da ke hana yoyo a cikin injin za ta ƙone, domin ruwan ne ke sanyaya ta. Wato saura kaɗan in mayar da hukuncina na ƙarya gaskiya da hannuna.

Tun daga ranar nake kallon rijiyoyin burtsatse da tankunan da suka mutu a ƙauyukanmu da wani ido daban. Ban ce duka iska ce ta tsayar da su ba. Amma na ga yadda mutum mai digiri uku ya kusa jefar da inji lafiyayye saboda bai tsaya ya bincika ba, kuma bai ga darajar tambayar mai sana'a ba. Masu kafa ayyukan ruwa sukan ware kuɗin haƙa da na bikin buɗewa, su manta da wanda zai kula da injin bayan sun tafi. Da za a horar da matasa biyu a kowace mazaɓa, a ba su kayan aiki da ɗan alawus, da yawan abin da ake kira lalacewa zai ƙare a gyaran rabin awa.

Da na tambayi saurayin kuɗin aikinsa, ya ce in ba da abin da ya sauwaƙa. Na ba shi, na kuma roƙe shi ya sake kwance notin ya nuna wa ƙanena da ke zaune a gidan, ni ma ina tsugune a gefe ina kallo.